Shadda, yadi ko atamfa: me za ka saya kafin ranar tantancewar gasar talabijin?

Ranar da aka kira ni tantancewar wani shirin kacici-kacici na talabijin, ban yi wata-wata ba na buɗe akwati na ciro farar shaddar da na ɗinka lokacin auren ƙanena. Na kai ta wurin masu bugu, ta sha sitaci, aka buge ta har tana ɗaukar ido. Da safe na fito daga gida a Mabera, mai kabu-kabun da na tsayar ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ango, ina za mu?"

Watan Afrilu ne, wanda ya san Sakkwato kuwa ya san sauran bayanin: zafi kan haura digiri 40 da rana tsaka. Muka zauna a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, kowa riƙe da lambarsa. Kafin layi ya zo kaina bayan rigar ya manne da jikina, gabanta kuma ya kakkarye kamar takardar da aka naɗe tsire. Da na shiga, wani saurayi ya maƙala mini 'yar makirfo a wuyan riga, ya ce in faɗi sunana da shiyarmu. Ban kai ƙarshe ba ya zare abin sauraren daga kunnensa yana murmushi. "Yaya, rigag ga ta hi ka magana." Duk motsin da na yi, sitacin sai ya amsa masa ƙwas-ƙwas. Na saci kallon allon da ke gefe, sai ga riga tana walƙiya, fuskata kuwa ta koma inuwa, idanu da haƙora kawai.

Ba a ɗauke ni ba, kuma ba zan ɗora wa riga laifi ba, tambaya ta uku ce ta kayar da ni. Amma da aka kira ƙanwata irin wannan tantancewa bana, ni na raka ta kasuwa, kuma abin da muka auna a can shi zan zayyana.

Masu tantancewa abu biyu suke nema: mai iya amsa tambaya, da wanda masu kallo za su zuba wa ido ba su gaji ba. Duk wanda ya kalli Who Wants to Be a Millionaire tun da aka fara shi a Najeriya a 2004, Frank Edoho na gabatarwa, zai tuna cewa kyamara ba ta cika sauka ƙasa da ƙirjin mai amsawa ba. Daga ƙirji zuwa hula ko ɗankwali, nan ne kuɗinka zai yi aiki. Kafin ka kashe ko kwabo kuma, sake karanta saƙon gayyatar. Wasu sukan faɗi launin da ba sa so, wasu su ce a zo da kaya kala biyu, gasar makarantu kuwa galibi yunifom ne, magana ta ƙare.

Launi ya fi sunan yadi muhimmanci, don haka da shi zan fara. Fari shi ne adon Basakkwace, shi ne na Juma'a, shi ne na gaisuwar Sallah a Kanwuri, shiyar fadar Sarkin Musulmi, amma kyamara ba ta san wannan ba. Idan farin ya cika mata ido, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, mai duhun fata kuma fuskarsa ce ke biyan bashin. Baƙi wuluk shi ma da nasa: yana haɗiye aikin wuya da duk wani kyan ɗinki, yana jan zafi, da hunturu kuma kafin ka iso daga Arkilla ƙura ta mayar da shi ruwan toka. Kore shar ka yi nesa da shi sai ka tabbatar da irin ɗakin da za a shiga. Akwai ɗakunan ɗaukar hoto masu koren bango, inda kwamfuta ke cire duk abin da yake kore ta sa wani hoto a gurbinsa, rigarka ma ba za ta tsira ba. Abin da ke zama lafiya shi ne launi mai matsakaicin duhu: ruwan bula mai ɗan nauyi, ruwan hanta, ruwan ƙasa, ruwan zuma, shunayya. Ruwan omo da ruwan toka mai haske suna da kyau a hoto, sai dai su ne suka fi tona asirin gumi, ga shi mu a nan gumi ba baƙo ba ne.

Sai zane. Yadi mai siraran layuka a jere, ko ƙananan gidan dara, a ido shi ne kamili. A kyamara layukan kan yi karo da ƙananan ɗigogin da idonta ke haɗa hoto da su, sai rigar ta dinga rawa tana fitar da wasu igiyoyi masu launi kamar man fetur a kan ruwa. Mai kallo ba zai ji amsarka ba, rigarka zai tsaya kallo.

Ga maza, gardamar tsakanin shadda da yadi take. Babbar shadda, irin gezna da ake kawowa daga Ostiriya, auduga ce mai kyau, tana shekaru ba ta mutu ba, kuma ba wanda zai raina ka a cikinta. Idan kana da ita a gida, mai launi, wadda ta sha wanki har ƙyallinta ya lafa, sa abinka. A yi mata guga kawai, ban da sitaci, ban da bugu. Amma ka je ka sayi sabuwa dal don wannan rana, wannan asara ce: kuɗinta ya ninka na yadi mai kyau sau da yawa, sabon ƙyallinta na mayar wa fitilun ɗakin haskensu, ga tauri, ga karaya da an zauna. Ƙaramar shadda mai sauƙin kuɗi ta fi muni ma, don sau da yawa an gauraya ta da zaren roba, ƙyallin ya fi na babbar, iska kuma ba ta ratsa ta.

Ni dai da za a ba ni zaɓi, yadi marar ƙyalli, launi ɗaya, mai auduga da yawa, shi zan ɗauka. Yadi biyar ya ishi kaftani da wando. Ba ya ƙara, ba ya walƙiya, bayan an gama kuma ka ci gaba da zuwa aiki da shi. Yadda za ka gane mai karaya, damƙi gefensa a tafin hannu ka ƙirga goma ka saki. Idan ya miƙe da kansa, zai jure zaman benci. Boyel ya fi kowa shan iska, amma shara-shara ne, fitila mai ƙarfi takan nuna singileti da abin da ke aljihu, sai dai ka zaɓi mai kauri da duhu.

Babbar riga fa? Tana cin yadi wajen goma idan aka haɗa da 'yar ciki da wando, tana kuma ba mutum kwarjini, amma gasa ba ɗaurin aure ba ce. Rabin lokacinka zai tafi wajen tattare hannun riga kana ɗorawa a kafaɗa, kowace ɗorawa kuma sai ta shafi makirfo. Idan wasan ya haɗa da danna ƙararrawa ko rubutu a allo, ka shiga uku. Jallabiya kuwa ta yi sake da yawa, sai ka ce daga masallacin shiya aka kira ka. Ƙananan kaya ba laifi ga wanda ya saba da su, muddin babu tambarin kamfani ko hoton ɗan ƙwallo a ƙirji, domin shirye-shiryen nan na masu ɗaukar nauyi ne, ba sa yi wa wani talla kyauta. Rigar jam'iyya ko hula mai alamar ɗan siyasa kam ko maganarta ba a yi.

Hula tana son a tsaya a kanta kaɗan, tunda ita ce maƙwabciyar fuska. Zanna bukar ko damanga mai launi biyu zuwa uku da ya ɗauko na rigar ta wadatar. Wadda aka cika wa ƙananan zare masu kala-kala tana iya yin rawar nan da na faɗa. A wanke ta a ɗora a kan gungume kwana biyu kafin ranar, kar kuma a kifa ta har gira, inuwa za ta rufe ido.

Na mata ya fi yawan rassa, kuma nan muka fi daɗewa ni da ƙanwata a babbar kasuwa. Ita leshi ta sa a ranta tun daga gida, mai duwatsu. Alhajin da muka shiga shagonsa ya sauko da shi, ya baza a kan kanta, ya ce, "Hajiya, wanga shi aka yayi, kowa yag gane ki ya san kin hito." Gaskiya ya faɗa, a wurin biki. Na ce ta yafa shi a kafaɗa ta tsaya bakin ƙofa inda rana ke shigowa, na ɗauke ta bidiyo da waya na ɗan lokaci, na ce ta juya, ta ɗaga hannu. Da muka kalla, kowane dutse ya zama 'yar fitila, fuskarta ta ɓace a tsakiyarsu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, a sauko da atamfa."

Wannan gwajin waya shi ne abu mafi amfani da zan ba kowa, kuma kyauta ne. Ba mai shagon da zai hana ka, wasu ma su za su riƙe maka yadin.

Atamfa auduga ce, tana shan gumi, zanenta kuma na ɓoye shi. Turmi ɗaya yadi shida ne, ya isa riga da siket da ɗankwali. Abin lura shi ne girman zane: manyan furanni ko manyan zobba masu launi biyu ko uku suna fita tsaf, ƙananan ɗige-ɗige masu cunkoso kuma su ne masu rawa. Sufa da holan sun fi riƙe launi bayan wanki, amma kyamara ba ta karanta sunan da ke bakin zane. Atamfa mai matsakaicin kuɗi da aka zaɓa da kyau ta fi mai tsada da aka zaɓa don suna. Guda ɗaya zan hana: mai ruwan gwal ɗin nan da aka shafa a sama, ƙyallinta ɗaya da na leshi.

Abaya ta fi komai sauƙi, ba jiran tela, saye ka sa. Matsalarta biyu. Yawancinsu baƙaƙe ne masu duwatsu a ƙirji, daidai inda ba a so. Sannan makirfon nan tana da waya da ke bi ta cikin riga zuwa wani ɗan akwati da ake maƙalawa a ƙugu, doguwar riga kuwa ba ta da inda za a rataya shi. Mai son abaya ta nemi mai launi marar ado, ta sa siket ko wando mai ƙarfin ƙugu a ciki, don kar a tsaya ana neman dabara a gaban maza.

Tsakanin hijabi da mayafi, na fi karkata ga hijabi madaidaici, zuwa gwiwa ko ƙasa kaɗan, mai launi ɗaya, wanda bai matse fuska ba. Yana zaune inda aka ajiye shi, hannu ya huta. Mai santsin nan mai sheƙi yana zamewa yana kuma shafar makirfo, a nemi mai taushi marar sheƙi. A tuna idan hijabi ne, shi kyamara za ta gani, ba atamfar ba, don haka launinsa shi ne abin yi wa dogon tunani, kuɗin atamfa kuma a rage. Mayafi ya fi fito da ado, amma sai an kafe shi da fil biyu ko uku, in ba haka ba ana tambaya ana gyaran gyale. Awarwaro masu karo da juna a bar su gida, ƙararsu a kunnen mai sauti kamar an zubar da cokula ne. Hoda marar maiƙo ta fi kowace kwalliya amfani, har ga maza ma hankici a aljihu ba abin kunya ba ne.

Takalmi ba na kashe masa kuɗi. A garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna har Turai, samun takalmin fata mai kyau a hannun dukawa ba wuya, amma wanda ka riga ka saba da shi ya fi sabo mai cizo, tunda tsayuwa da jira su ne rabin ranar. A goge shi, shi ke nan. Mai tabarau ya goge gilashinsa, in yana da wanda ba ya mayar da haske ya ɗauko shi.

Saura tela. Ka ba shi mako biyu, ka kuma faɗa masa ranar da ta riga ta gaskiya da kwana huɗu, Allah ya yafe mana. Idan tantancewar ta faɗo gab da Sallah, kar ma ka fara, duba akwati ko ka ari na ɗan'uwa. Ka ce masa wuyan rigar ya kasance mai ɗan ƙarfi da zai riƙe makirfo, aikin wuya kaɗan, da zaren da ya yi kusa da launin yadin, ban da zaren gwal. Da ka karɓo, sa kayan ka zauna a kujera rabin awa, ka miƙa hannu sama, ka sunkuya, ka sake ɗaukar kanka bidiyo. In ma ta waya aka ce a turo bidiyon tantancewar, kamar yadda ake yawan yi yanzu, duk wannan bayani bai canja ba, sai dai ka fuskanci taga, kar ka ba ta baya.

Ƙanwata atamfa ruwan hanta mai manyan ganye ta ɗauka, da hijabi ruwan zuma. Ran tafiya na hana ta hawa kabu-kabu, na tsayar mata da keke napep, na sa ta riƙe hijabi na biyu a leda saboda ko-ta-kwana. Tana shiga ta leƙo ta ce, "Yaya, ita hwarar shaddar taka tana nan?" Na ce tana nan, ranar Juma'a ma da ita na je masallaci.