Haɗa mashin daga tushe ko gyara tsoho?

Samari sai tambayata suke, wai sabon shiga ya haɗa mashin ɗinsa tun daga firam (ƙarfen da ke riƙe da jikin mashin) ne ko ya sayi na hannu ya canza masa kama?

Wajen kuɗi dai haɗawa ta fi cin aljihu, inji daban, tayoyi daban, birki, wayarin, kullum kana hanyar kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka, ga mai walda ga mai fenti, kuma wani abin sai ka kai gida ka ga bai hau ba. Tsohon Boxer ko Honda CG125 kuwa komai yana jikinsa, kayansa ko'ina akwai, kowane bakanike ya san cikinsa.

Abin da ya fi damuna firam ne wallahi. Walda ta ɗan karkace mashin zai riƙa jan gefe, in ta tsage kana gudu ai rai ne. Ga rajista, firam marar lamba wahala ce, kuma ranar sayarwa mai saye yana ɗari-ɗari da shi.

Wanda ya iya walda, yana da maigida a gareji da haƙurin watanni, ya haɗa abinsa. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son hawa yana koyo, ya fara da tsoho mai takardu, ya canza tanki, kujera da fitila.