Kamfas mai allura ko manhajar waya wajen gano alƙibla

Malam, tsakanin biyun nan da ka tambaya, sayi kamfas mai allura, ka bar manhajar waya a matsayin ta ko-ta-kwana.

Nawa irin mai ruwa a ciki ne, shi ya sa allurar ba ta daɗe tana rawa kafin ta tsaya. Ba ruwansa da caji, ba ruwansa da sabis. Mun taɓa kwana a wata ruga da damina, hadari ya rufe taurari, wayoyi duk sun mutu, ana ta gardamar ina gabas take. Na ɗora shi a tafin hannu ba tare da karkatawa ba, allurar ta ɗan karkaɗa, jan bakinta ya tsaya cak, muka tayar da isha'i hankali kwance.

Allurar nan siririn maganaɗisu ce da aka ɗora kan tsini don ta juya a sake. Ita ma duniya tana da nata ƙarfin maganaɗisu, wanda narkakken ƙarfen da ke motsi can cikinta yake haifarwa, shi allurar take bi, baki ɗaya arewa, ɗayan kudu. Arewa kaɗai za ta ba ka, sauran lissafin naka ne. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa in ka juya dama, alhali gabas sak digiri 90 ce. Ka ga wanda ya fuskanci gabas ɗoɗar ya ɗan kauce. Kowane gari da lambarsa, ka nemi ta garinku ka rubuta a bayan kamfas ɗin.

Waya ma wannan maganaɗisun take aunawa, kuma tana yi maka lissafin digiri, iyakar abin da zan yaba mata ke nan. Murfi mai maganaɗisu kan rikita ta, wasu ƙananan wayoyin ma ba su da na'urar aunawar sam. Dukansu biyu dai ƙarfe na ruɗa su, don haka ka matsa daga jikin mota, lasifika da ginshiƙi mai rodi.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai na jabu birjik, musamman ƙananan da ake liƙawa a darduma, wani allurarsa ta maƙale, mai kaya kuma ya yi ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Kafin ka biya, kusanto masa da wuƙa ko ƙusa. In allurar ta biyo ta, ka janye ta koma inda take, to yana aiki. In ta tsaya wani wuri dabam, ko ka ga babban kumfa a ruwan, mayar masa da abinsa.

In ka saya, gwada shi ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar. A lokacin rana tana saitin saman Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla.