Sanyin ƙasan daɓe a tsohon gidan Ingila: abin da zan saya da abin da ba zan sake kusanta ba

Duk wanda ya taɓa sallar asuba a watan Janairu a tsohon gida a Ingila ya san abin. Hita na aiki, ɗaki ya yi ɗumi, amma da goshinka ya taɓa darduma sai ka ji iska mai sanyi tana busowa ta tsakanin katakai. Mu da muke cin tuwo a ƙasa, yara na wasa a ƙasa, mun fi maƙwabtanmu jin wannan a jika.

Gidajen jeri na zamanin Sarauniya Biktoriya, irin nawa a Manchester, yawanci daɓensu katako ne da aka shimfiɗa kan azara, tsakanin kowace azara da 'yar'uwarta kusan santimita 40. Ƙarƙashi fili ne, iska na ratsa shi ta wasu bulo masu huda da za ka gani a gindin bango daga waje. Da gangan magina suka yi haka don katako ya zauna a bushe. In gidanka na da ɗakin ƙasa, ko filin da mutum zai iya rarrafe, za a iya tare sanyin daga ƙasa ba tare da an ɗaga kafet ba.

Abin da ake yi shi ne a cusa abin tare sanyi tsakanin azara. Ni audugar dutse nake zaɓa, wato zaren da ake yi da narkakken dutse, irin ta kamfanin Rockwool ko Knauf, wadda ake sayarwa falle-falle, ba ta naɗi ba. Dalilina na farko, azarar tsohon gida ba ta taɓa miƙewa sak. Nan rata ta yi faɗi, can ta tsuke, ga bututu, ga waya. Audugar tana da taushin da za ta bi kowane lungu. Ka yanka ta da wuƙar burodi, ka ƙara santimita ɗaya kan faɗin ratar, ka tura, sai ta kama kanta da kanta. Na biyu, tana barin danshi ya fita, katako ya yi numfashi. Na uku, ba ta cin wuta. Ka sa mai kaurin santimita 10 zuwa 15 gwargwadon zurfin azara, ka tabbatar ta manne da katakon sama babu rata, sannan ka tokare ta daga ƙasa da raga, ko mafi kyau da shimfiɗar nan mai hana iska amma mai barin tururi wucewa, ka kafe ta a jikin azara. Shimfiɗar ita ce ke kashe busowar iska, kada ka yi mata rowa. Aibin audugar ƙaiƙayi ne. Na yi kwana biyu kwance rigingine, fitila a goshi, ƙura na zubo mini, wuyana ya yi ja wur. Takunkumi da tabarau da safar hannu dole ne.

Ulun tumaki yana da kyau, ba ya ƙaiƙayi, amma tsadarsa ta yi yawa. Allon kumfa mai tauri, irin na Kingspan da Celotex, ya fi kowa alkaluma a takarda: santimita 10 nasa na yin aikin kusan 16 na auduga. Sai dai ka gwada yanka shi daidai da karkatacciyar azara kana kwance a duhu. Duk ratar da ta rage ƙofar sanyi ce.

Kumfar feshi kuwa, ita ce ta ƙona ni. Shekarar da muka tare, wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, riga mai tambari, bakinsa kamar zuma. Ya ce yini ɗaya sun gama. Suka fesa, suka karɓi kuɗi, suka tafi. Hunturun farko mun ji daɗi, ban ɓoye ba. A na biyu uwargida ta fara cewa falo na warin funfuna. Da na sauka da fitila, sai na tarar kumfar ta toshe bulo masu huda guda biyu, ta kuma lulluɓe kan azara inda take shiga bango. Na ɓanɓare, na soka sukundireba, ta nutse kamar a dafaffiyar doya. Azara uku aka sake, lambar wayar kamfanin kuma ta daina shiga. Akwai masu yin feshi da ƙa'ida, har da masu tura ƙaramin mutum-mutumi ƙarƙashin daɓe, amma ka sani bankuna da dama a Birtaniya na ɗari-ɗari da ba da bashin gida in an ga kumfar feshi a jikin katako, musamman a rufi, don mai duba gida ba ya iya ganin abin da ke bayanta.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk wanda ya zo ƙofarka yana cewa gwamnati za ta biya amma sai ka sa hannu yau, ka sallame shi. Ka nemi sunan kamfani da kanka a TrustMark, rajistar masu aikin gida da gwamnati ta amince da ita, kada ka yarda da takardar da ya nuna maka. Wanda bai sauka ya duba ba ya yanka farashi, ba ma'aikaci ba ne. Na kirki zai auna danshin katako, in ya kai kashi 20 cikin 100 ya ce a gyara matsalar ruwa tukuna. Wasu kuma bakin ƙofar shiga kawai suke cikawa, can ciki fayau, don sun san ba za ka rarrafa ba. Ka ce sai an ɗauki hoton kowace rata, da kowane bulo mai huda a buɗe, kafin ka biya cikon kuɗi. Har wani sabon salo ya fito: waɗanda ke bugo waya su tsorata ka kan kumfar da aka fesa maka, su cire ta da tsada, su bar maka ɓarna.

In da kanka za ka yi, kada ka binne wayar lantarki cikin auduga, za ta yi zafi. Ka naɗe bututun ruwa, domin ƙasan zai fi da sanyi yanzu. In ka ga wani farin abu mai garin-gari naɗe a tsohon bututu, kada ka taɓa, mai yiwuwa asbestos ne, wani kayan gini na da mai ƙura mai cutar da huhu. Sai 1999 aka haramta asbestos gaba ɗaya a ƙasar, ka kira masu gwaji su ɗauki samfuri kafin ka sake sauka.