Rana kaɗai, ko a haɗa da janareta?

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, mai batirin sola ko ya dogara da faifan rana kaɗai, ko ya sa inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) mai karɓar janareta ma don cajin batirin.

Faifan ba ya cin ko sisi bayan an kafa shi. Amma da hunturu, ƙura kan kwanta a gilashin har ka yi rubutu da yatsa, a Agusta kuma hadari ya rufe rana. Batirin ruwa sai ya sauka ƙasa da rabi, wannan ke kashe shi da wuri.

Janareta kuwa fetur yake sha, ga tsada tun cire tallafi a 2023. Duk da haka ni haɗin na zaɓa, in kunna janaretan awa biyu bayan magariba ranar da aka yi hazo.