Rumbun Silsilar Malaman Lissafi, Na Gwada Shi da Sunan Emmy Noether

Duk wanda ya tashi a gidan da ake karatun zaure ya san darajar sanin wanda ya karantar da malaminsa. Irin wannan silsila ce rumbun Mathematics Genealogy Project yake tattarawa ga masu digirin digirgir a fannin lissafi. Harry Coonce ne ya kafa shi, yana ƙarƙashin Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa a Amurka, kuma ba a biyan ko sisi kafin a yi amfani da shi.

Na gwada shi da sunan Emmy Noether, Bajamushiyar da masana aljabara suke ɗauka uwa a fanninsu. Nan take ya fito da jami'arta, wato Erlangen, da shekarar 1907, da taken kundinta da Jamusanci, da sunan malaminta Paul Gordan. A ƙasa kuma ga jerin ɗalibanta, ciki har da Grete Hermann wadda ta kammala a Jami'ar Göttingen ta Jamus a 1926, da Max Deuring. Kowane suna aka latsa sai ya buɗe nasa ɗaliban, har mutum ya shagala yana gangarowa daga jika zuwa tattaɓa-kunne. Fuskar rumbun ba ta da ado ko hotuna masu nauyi, abin da mai lallaɓa data a waya zai yaba.

Sai dai wanda ya tsaya a nan zai zaci tafiyar wannan baiwar Allah ta zo da sauƙi, domin rumbun digiri kawai yake ƙirgawa. Ba zai gaya maka cewa bayan digirin ta yi shekara bakwai tana aiki a Erlangen ba tare da albashi ba. Ba zai nuna cewa da manyan masana lissafi David Hilbert da Felix Klein suka gayyace ta Göttingen a 1915, wasu malaman jami'ar sun ƙi yarda mace ta samu izinin koyarwa ba, har aka riƙa sanar da darussanta da sunan Hilbert zuwa 1919. Korar da gwamnatin Nazi ta yi mata a 1933 saboda ita Bayahudiya ce, da komawarta Kwalejin Bryn Mawr a Amurka inda ta rasu a 1935 tana da shekara 53, duk babu su.

Giɓin da ya fi damuna shi ne na almajiran da suka sha karatu a gabanta amma suka karɓi shaida a wani wuri. Van der Waerden, masanin lissafi ɗan ƙasar Holland, ya zo Göttingen wajenta a 1924, kuma shi ne ya fi kowa yaɗa hanyarta ta aljabara, amma da yake a Amsterdam ya yi digirinsa, sunan wani malamin ne a samansa.

Ɗalibin da yake rubuta kundi zai amfana da rumbun wajen tabbatar da shekara da sunan malami, amma labarin yadda Noether ta kai ga kujerar koyarwa sai ya neme shi a littattafan tarihin rayuwarta.