Sharhi kan ODBC Data Source Administrator wajen gano matsalar haɗi yayin fitar da rahoto

Manhajar da nake fitar da rahotannin aiki da ita tana da wani hali mai wahalarwa, domin duk abin da ya hana ta isa ga rumbun bayanai saƙo ɗaya take nunawa, cewa an kasa buɗe haɗi. Ba ta bambanta kalmar sirrin da wa'adinta ya ƙare da sabar da ke kashe ko direban da ba a girka ba, wato ɓangaren da ke sada manhaja da rumbun bayanai. Wannan ne ya sa na koma dogara da ODBC Data Source Administrator, ƙaramar manhajar da ke zuwa tare da Windows domin kafa haɗi zuwa rumbun bayanai da gwada shi, kuma ra'ayina bayan dogon amfani shi ne tana da fa'ida ƙwarai, amma ga wanda ya san iyakar abin da take gwadawa.

Babban alfanunta shi ne raba gardama. Idan aka kafa sunan haɗi, wato DSN, aka danna maɓallin gwaji, direban zai yi magana da sabar kai tsaye ba tare da manhajar rahoto ta shiga tsakani ba, kuma amsar da ke dawowa tana ɗauke da lamba. A SQL Server, rumbun bayanai na Microsoft, lamba 18456 tana nufin an isa ga sabar amma ta ƙi karɓar mai shiga, don haka babu dalilin zargin hanyar sadarwa. Idan kuwa gwajin ya jima yana jira sannan ya ce bai sami sabar ba, sai a duba ko katangar tsaro ta toshe ƙofar da rumbun ke saurare a kanta, wadda bisa al'ada ita ce 1433 ga SQL Server, 3306 ga MySQL, 5432 ga PostgreSQL, da 1521 ga Oracle.

Inda mutum zai yi hattara shi ne ODBC Data Source Administrator kala biyu ce a kan Windows mai bit 64, kuma duka biyun sunan fayil ɗinsu odbcad32.exe. Wadda ke cikin System32 ita ce mai bit 64, wadda ke cikin SysWOW64 kuma ita ce mai bit 32, akasin abin da sunayen ke sa mutum ya zata. Tsofaffin manhajojin rahoto da dama masu bit 32 ne, saboda haka ana iya kafa System DSN, wato sunan haɗin da duk asusun da ke kwamfutar ke gani, a ɓangaren bit 64, gwaji ya yi nasara, rahoto kuma ya ci gaba da faɗuwa da lambar IM002, wadda ke cewa ba a sami sunan haɗin ba, ko IM014, wadda ke nuna direba da manhaja ba zubinsu ɗaya ba, ɗaya mai bit 32 ne ɗaya kuma mai bit 64. A nan gwajin bai yi ƙarya ba, sai dai ya amsa tambayar da ba ita aka yi ba.

Haka abin yake ga rahotannin da aka tsara su fita da kansu cikin dare. Gwaji yana gudana ne da asusun wanda ke zaune gaban kwamfuta, alhali aikin da aka tsara yakan gudana da wani asusu dabam wanda ba ya ganin User DSN na wani, wato sunan haɗin da asusun da ya kafa shi kaɗai ke gani, kuma wataƙila ba shi da izini a rumbun. Shi ya sa nake fifita System DSN ga duk rahoton da ba da hannu za a fitar ba.

Sabunta direba ma yana haifar da nasa ruɗanin. Tun daga ODBC Driver 18 na SQL Server, wanda ya fito a 2022, haɗin da ke ɓoye bayanan da ake aikawa, wato encryption, ya zama tsarin da direban ke farawa da shi, don haka sabar da ke amfani da takardar shaidar da ta sa wa kanta hannu za ta gamu da ƙin amincewa. Akwai zaɓin amincewa da takardar ba tare da tantancewa ba, wanda a ganina ya dace da gwaji kawai, ba da dindindin ba. MySQL 8.0 kuma ta sauya hanyar tantance kalmar sirri zuwa caching_sha2_password, wadda tsofaffin direbobi ba su san ta ba.

Abin da ODBC Data Source Administrator ba za ta faɗa ba shi ne ko asusun yana da izinin karanta teburorin da rahoton ke buƙata, ko fayil ɗin rahoton yana riƙe da sunan tsohuwar sabar a cikinsa, ko kuma tambayar da rahoton ke aika wa rumbun ta yi nauyi har lokacin jira ya ƙare. Ga irin waɗannan akwai shafin Tracing, wanda ke rubuta duk kiran da manhaja ta yi wa direba, sai dai fayil ɗinsa yana kumbura da sauri kuma yana rage gudun aiki, don haka wajibi ne a kashe shi da zarar an ga layin da kuskuren ya bayyana.