Sharhi kan gwajin ƙaba da aka yi mini a sashen tiyata

Duk mai kumburi a matsematsi, shawarata ya fara ganin likitan tiyata kafin ya je ɗaukar hoto. Hannun likita ne ya gano ƙabata.

Kumburin a dama yake, yana fitowa idan na daɗe a tsaye ko na ɗauki kaya mai nauyi, da na kwanta sai ya koma. Likitan tsayar da ni ya yi, ya ɗora yatsunsa a wurin ya ce, "Malam, yi tari." Ina yi kuwa abin ya tunkuɗo hannunsa. Sannan ya kwantar da ni, ya mayar da shi ciki a hankali, ya danne wani gurbi da yatsa ya ce in sake tari. Bai fito ba.

Bayaninsa ne ya fi kwanta mini a rai. Ya zana mini wata 'yar hanya a ƙasan mara, tsawonta kamar santimita 4, wadda 'ya'yan maraina ke bi su sauka tun jariri yana ciki. Idan bakinta bai rufe ba, hanji ko kitse sai ya bi ta nan, wani lokaci har ya sauka ya zama gwaiwa. Irin tawa ke nan. Wata kuma bangon marar ne ke yin rauni da shekaru. Akwai ta uku mai fitowa ta saman cinya, ta fi kama mata, kuma ita ce ta fi saurin shaƙe hanji. Ashe maza kusan 27 cikin 100 na samun ƙabar matsematsi a rayuwarsu, mata kuwa kamar 3.

Ɗakin hoto ne bai gamsar da ni ba. A kwance aka duba ni, ba a ce in yi tari ko yunƙuri ba, takarda ta fito babu komai. Sai da likitan ya sa aka sake a tsaye sannan ƙabar ta bayyana. Ya kamata su gyara wannan.

Ya ce ɗamara ba ta warkar da ƙaba, tiyata ce ke toshe ramin. Ya kuma ja kunnena: ranar da kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, ga amai, in taho asibiti ko da tsakar dare ne.